Kafin Mu Kai Kuɗin Kaka Shagon Firiji

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, an sayar da masara da waken soya da shinkafa, kuɗi ya shiga hannu. A irin wannan lokaci ne maganar sayayya take tashi a tarurrukan ƙungiyoyinmu. Wani yana son ƙaramin firiji, gama ya gani a ɗakin ɗansa a birni. Mata suna maganar injin wanki. Har mun ji wani yana tambayar kuɗin injin busar da tufafi. Masu shaguna kuwa sun san watan da manomi yake da kuɗi, sun cika shagunansu da ƙananan injuna masu ƙyalli, suna cewa ba su cin wuri, ba su cin wuta.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Ruwan sanyi a watan Afrilu alheri ne, hutun hannun mace daga wanki kuma alheri ne. Amma ra'ayinmu shi ne, kada ƙanƙantar inji da arahar kuɗinsa su zaɓa mana. Sai mu fara duba wutar da za ta juya shi, da aikin da zai yi mana, da wanda zai gyara shi ran da ya tsaya. In mun auna da wannan mudu, za mu ga injin busar da kaya ba namu ba ne, injin wanki na waɗansu ne, firiji kuwa ya fi amfani in ƙungiya ta saya tare.

Abin da ya taɓa faruwa

Dattawanmu suna tune da shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da bashin watannin baya. Kuɗi ya zo a dunƙule, mutane suka ruga kasuwa sayen rediyo da babur da firiji. Waɗansu firijin sun tafi garuruwan da ko turken lantarki babu. Da yawa daga cikinmu mun girma muna ganin irinsu a kusurwar ɗaki, an mai da su kabad na ajiye kwanuka.

Mu ma ba mu tsira ba. Wata ƙungiyarmu ta tara kuɗi bayan kaka ta sayi firiza ta gwanjo, domin mata su riƙa yin ƙanƙara da zoɓo na sayarwa ran kasuwa. An kawo ta a kwance a bayan mota, aka sauke, aka jona ta nan take a ƙaramin janareta. Ta yi aiki kwanaki kaɗan, sa'an nan ta yi shiru. Mai gyara mafi kusa yana tafiyar rabin yini. Da ya zo ya ce kwamfuresa ta ƙone, iskar gas ɗin da ke cikinta kuma tsohuwar iri ce da aka daina kawowa. Wanda ya sayar bai ba da rasit ba. Kuɗin mutum ashirin da wani abu ya tafi, zumunci kuma ya yi tsami har wajen shekara. Ba mu ga laifin kowa ba, gama babu wanda ya san abin da ya kamata a tambaya. Shi ya sa muka rubuta wannan.

Tambaya ta fari: ina wutar?

Firiji ba kamar rediyo ba ne da za a kunna in an ga dama. Yana bukatar wuta dare da rana. In aka ɗauke wuta, firiji na gida yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba. Firiza irin ta akwati, in cike take, takan kai kwana 2. A zafin ƙasarmu ma sai mu rage wannan lissafi.

To, wace wuta muke da ita? Wutar gwamnati ba ta kai ƙauyuka da yawa ba, inda ta kai kuma ba ta zama. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Masu sana'ar ƙanƙara da kifi da nama sun yi hasara mai yawa. Janareta kuma ya zama abin tsoro tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin ranar ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda zai riƙe firiji da fetur kaɗai, sai ya zauna ya lissafa ko ribar zoɓo za ta biya.

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Ƙaramin firiji yana cin wat 60 zuwa 100 sa'ad da yake tafiya, amma a daidai lokacin da kwamfuresa take tashi takan ja ninki uku ko biyar na wannan, ko ma fiye. Ƙaramin janaretan nan na gida bai kai wat 1,000 ba. In akwai fitilu da talabijin da cajin waya a kansa, tashin firiza yakan durƙusar da shi, wutar ta yi ƙasa, kwamfuresa ta yi ta nishi har ta ƙone. Kuma kada a manta, hayaƙin janareta yana kisa. Ba a kunna shi cikin ɗaki ko a bakin taga, ko da ana tsoron ɓarayi.

Saura hasken rana, wanda muke da shi a yalwace. Bari mu yi lissafinsa a fili. A jikin sabon firiji ko a takardarsa akan rubuta yawan wutar da yake ci a shekara. In an rubuta 300, watau yunit 300, to a raba da kwana 365, ya zama kamar kashi takwas cikin goma na yunit ɗaya kowace rana. An yi wannan awo a ɗakin da bai kai namu zafi ba, saboda haka a bazara zai ci fiye da haka. Farantin sola mai wat 300 yakan ba da yunit ɗaya da ɗan ɗori a rana mai kyau. Da ƙurar hunturu ko markar Agusta sai ya ragu. Ashe faranti ɗaya bai isa a dogara da shi ba, biyu ne daidai. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200 yana ɗaukar kusan yunit biyu da rabi, amma irin na dalma rabinsa kaɗai ake sha, in ba haka ba ba zai daɗe ba. Duk wanda ya faɗa mana kuɗin firiji bai haɗa da faranti da batir da waya ba, rabin kuɗin ya faɗa.

Yadda za a duba firiji

Kowane firiji na kirki yana da ɗan allo a bayansa ko a cikinsa. Mu karanta shi, ko mu tafi da yaron da ya iya karatu. Abu huɗu za mu nema.

Na ɗaya, ƙarfin wuta. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru bolt 220 zuwa 240 ce. Kayan da aka yi domin Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne. In aka jona su kai tsaye, sun ƙone.

Na biyu, zafin da aka gina shi ya jure. Akan sa haruffa. N yana nufin zai yi aiki daidai har zafin ɗaki ya kai digiri 32. ST ya kai 38. T ya kai 43. A Sakkwato da Maiduguri da Yola da Maraɗi zafin Maris da Afrilu yakan wuce 40. Firijin gwanjo da yawa daga Turai suke zuwa, an yi su domin ƙasar sanyi. A nan sai su yi ta gudu ba hutawa, su sha wuta, su mutu da wuri. Mu nemi mai harafin T.

Na uku, irin iskar gas da ke ciki. In an rubuta R12, a bar shi ko da kyauta ne. Wannan iska tana ɓata rufin sararin sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, shi ya sa ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Montiriyal a 1987 a daina ta, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Firijin da ke ɗauke da ita tsoho ne tukuf. Sababbi da yawa suna da R600a, wadda ba ta cin wuta sosai, amma tana kamawa da wuta. Saboda haka ba a sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙarar da ta daskare a ciki, gama in aka huda bututu an yi hasara, ana iya yin gobara kuma.

Na huɗu, a tabbata yana da kwamfuresa. Akwai waɗansu ƙananan akwatuna masu araha da ake kira firiji, ba su da kwamfuresa, sai ɗan allo da fanka. Iyakar ƙoƙarinsu su rage kamar digiri 15 zuwa 20 daga zafin ɗaki. In ɗaki yana 40, cikinsu yana sama da 20, alhali nono da nama da miya suna bukatar ƙasa da digiri 5. Wannan kayan wasa ne a ƙasarmu.

Game da gwanjo, mun san abin da za a ce: sabo ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun daga farkon 2013, domin ta ga suna shanye wutar ƙasa, suna kuma zama juji. Araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida. In tilas sai gwanjo, a sa mai shago ya kunna shi awa ɗaya a gabanmu da kofin ruwa a ciki. A sa takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja. In ta zare ba wuya, robar ƙofa ta mutu. A karɓi rasit mai lambar injin, a rubuta kwanakin garanti a kai.

Wajen siffa, mun fi son irin akwati mai murfi a sama. Iska mai sanyi tana da nauyi, in an buɗe ƙofar firiji na tsaye sai ta zubo waje, amma a akwati tana zama a ciki. Kada kuma a ɗauka rabin girma rabin wuta ne. Ƙananan firiji biyar a gida biyar sun fi babba ɗaya cin wuta nesa ba kusa ba.

In an kawo shi gida, a ɗauko shi a tsaye. A bar shi ya huta awoyi kafin a jona, in an kwantar da shi a hanya a bar shi har kwana guda, domin man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. A saya masa sitabilaiza ko ɗan abin nan da ke jinkirta wuta minti 3 zuwa 5 in an dawo da ita. Wannan ɗan ƙaramin kuɗi shi ke ceton babba. Tsohon firijin da aka yar kuma a cire masa ƙofa, kada yara su shiga wasan ɓuya.

Kada mu raina tukunya

Kafin mu ce sai firiji, mu tambayi kanmu me za mu sa a ciki. In tumatir ne da tattasai da yalo da alayyafo, akwai dabara daga ƙasarmu. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan yana fita ta jikin babbar tukunya yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma sun kai mako uku. Kuɗin yana zuwa hannun maginan tukwane na ƙauyenmu, ba fetur, ba mai gyara.

Amma mu faɗi iyakarta. Tana aiki sosai da rani, sa'ad da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta kaɗan ne. Ba a ajiye nama ko kifi ko maganin rigakafi a cikinta.

Injin wanki da injin busarwa

A nan muna so mu yi wa maza magana. In aka ambaci injin wanki a taro, maza ne suke fara dariya, su ce hannu ya isa. Hannun wa? Matanmu da 'ya'yanmu mata ne suke ɗebo ruwan, su durƙusa a bakin rijiya, bayan sun yi surfe da girki, sun kuma taya mu a gona. Mun yarda mu sayi injin feshi da injin ban ruwa domin bayanmu ya huta, saboda haka bai kamata mu ce nasu aikin ba ya bukatar taimako ba.

Duk da haka sai a zaɓi wanda ya dace. Injin da ke yin kome da kansa, mai ƙofa a gaba, yana bukatar ruwan famfo mai ƙarfi. Yawancinsu suna da abin dafa ruwa mai cin wajen wat 2,000, suna kuma da ƙwaƙwalwar lantarki da wuta marar kyau take ƙonawa, wadda ba mai gyara ta a ƙauye. Mai baho biyu ya fi dacewa da mu, ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Da bokiti ake zuba masa ruwa, yana cin wat 300 zuwa 400, in an ɗauke wuta a tsakiyar wanki sai a kwashe kaya a ƙarasa da hannu. Mai gyaran fanka ma yakan iya gyara shi. Sai dai yana shan ruwa. Gidan da ke sayen ruwa jarka jarka daga 'yan garuwa, ko ke tafiya nesa ɗiba, ya lissafa wannan tukuna, kada a rage wa mace wanki a ƙara mata ɗaukar ruwa. Dabarar ita ce a fara da fararen kaya, a bi da masu launi a ruwan sabulu ɗaya, kayan gona su zo ƙarshe. 'Yan mitsi-mitsin nan masu ɗaukar kilo 2 ko 3 kuwa na ɗalibi ne mai riga uku. Ba za su ɗauki zannuwan gida mai mutum goma ba.

Injin busar da kaya kam, amsarmu a'a ce. Yana cin wat 2,000 zuwa 3,000. Awa ɗaya da zai yi yana aiki ta kai wutar da ƙaramin firiji zai ci cikin kwana uku. An yi shi domin ƙasashen da ake wata da watanni ba a ga rana ba. Mu igiya ta ishe mu. Da damina a ɗaura ta a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, baho mai matsewa kuma ya riga ya fitar da yawancin ruwan.

Me ya sa muka ce a saya tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, watau firiza ta kirki da faranti biyu da batir, bai fi ƙarfin gida ashirin ba. Amfaninsa kuma ya wuce ruwan sanyi. Kowace shekara da hunturu annobar Niyukasil takan share kajin ƙauye, kajin nan kuwa su ne asusun mata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Bom, kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana yin maganin rigakafinta da na waɗansu cututtukan awaki da shanu. Yawancin irin waɗannan magunguna suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in sun yi zafi a hanya sun zama ruwa kawai. Ƙungiyar da ke da firiji tana iya sayo su da yawa, ta ajiye yadda takardar kowanne ta ce, a sa rana ɗaya a yi wa kajin gari duka. A keɓe musu wurinsu dabam da abinci, a sa ma'aunin sanyi a ciki. A dā ɗakunan shan magani na karkara da firijin kananzir suke wannan aiki, yau kuwa rana ce take yi. Masu kindirmo da fura da masu kifi su ma za su biya haya su ajiye kayansu. Ba sabon abu ba ne, kamfanin ColdHubs ya fara gina ɗakunan sanyi masu aiki da rana a kasuwannin Nijeriya tun 2015, manoma suna biyan kuɗin kowane kwando a kwana.

Wani zai ce kayan jama'a ba su da mai su, kowa ya yi amfani, ba mai gyarawa. Mun ga haka a injin niƙa, mun gani a famfon tuƙa-tuƙa. Maganinsa ƙa'ida ce da aka rubuta tun kafin a saya. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe mabuɗi, a biya shi ladansa, kuma mun ga mata sun fi riƙon wannan amana. A buɗe littafi, kome aka sa a rubuta. Kowa ya biya, har shugaba da ma'aji. Daga kuɗin da ya shigo a ware kashi ɗaya da ba a taɓawa, gama batir yana da shekarunsa, zai mutu ko ana so ko ba a so. A sa lokacin buɗewa, safe da yamma. A tura saurayi ɗaya ya koyi gyara a gari, ƙungiya ta taimaka masa da kuɗin koyo.

Saboda haka, a taronku na gaba, kafin ma'aji ya buɗe jaka, ku amsa waɗannan a gaban kowa. Awa nawa muke samun wuta? Me za mu sa a ciki, kuma nawa zai kawo? Nawa ne kuɗin duka, har da faranti da batir da sitabilaiza? Wa zai gyara, kuma ina yake? Me mata suka ce? In akwai wadda ba ta da amsa, a mai da kuɗin asusu, a sayi tukwane biyu da yashi, a jira wata kakar. Kuɗin da ke asusu zai tarar da mu baɗi, amma injin da ya ƙone ba ya mai da ko kwabo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.